Tambaya kan zanen “Kasuwar Bayi” na Gérôme: ta ina mace za ta fara karanta shi?

Ɗalibar zane, Gombe:

Assalamu alaikum, malamaina da ’yan’uwa. Ni ɗaliba ce a sashen zane a wata kwalejin ilimi a nan Gombe, kuma a wannan zangon karatu an umarci kowannenmu ya zaɓi zane guda mai siffar mutane wanda ya taɓa jawo ce-ce-ku-ce, ya yi masa tarke ta mahangar masu fafutukar ’yancin mata. Na zaɓi zanen da ake kira Kasuwar Bayi, wanda Bafaranshe Jean-Léon Gérôme ya yi a shekarar 1866, kuma yanzu yana ajiye a gidan adana zane na Clark da ke garin Williamstown a jihar Massachusetts ta Amurka.

Ga wanda bai san shi ba, zanen yana nuna wani tsakar gida mai ginin irin na ƙasashen Larabawa. A tsakiya akwai wata mace farar fata a tsaye ba sutura a jikinta, kewaye da maza masu rawuna da manyan riguna. Ɗaya daga cikinsu ya kama kanta da hannu ɗaya, ya sa yatsun ɗaya hannun a bakinta yana duba haƙoranta, dillalin da ya kawo ta kuma yana tsaye a bayanta riƙe da mayafin da ya cire mata. A gefe da can baya akwai waɗansu bayin a zaune a ƙasa suna jiran mai saye.

Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne abin da ya faru a 2019, lokacin zaɓen majalisar Tarayyar Turai, inda jam’iyyar AfD ta Jamus, mai ƙyamar baƙi da Musulmi, ta buga wannan zane a allunan yaƙin neman zaɓenta a birnin Berlin, tare da kiran masu zaɓe su hana Turai zama ƙasar Larabawa. Gidan adana zanen ya fito ya yi tir da hakan, amma ba shi da ikon hanawa, domin zanen ya tsufa har ya zama na kowa a doka.

Damuwata ita ce, duk lokacin da na zauna zan rubuta sai zuciyata ta rabu biyu. A matsayina na Musulma ina ganin an yi wa mazanmu ƙazafi, an nuna su marasa imani marasa kunya. A matsayina na mace kuma ina jin zafin abin da ake yi wa wannan baiwar Allah da ke tsaye. Idan na kare mazan sai in ga na manta da ita, idan na tsaya mata kuma sai in ga kamar ina taya masu ƙyamar Musulmi. Ta ina zan fara? Kuma shin wannan mahanga da aka rene ta a Turai da Amurka tana da abin da za ta faɗa wa mace ’yar Gombe?

Malama mai koyar da tarihin zane, Bauchi:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin zaɓi zane mai wuya, amma kin zaɓi daidai, domin yana cikin zanukan da wannan fanni ya yi ta waiwaya a kansu. Shawarata ta farko ita ce ki ɗan jinkirta tambayar ko mazan da ke cikin zanen mugaye ne, ki fara da tambayar da masu tarke ta mahangar mata suka fi ba muhimmanci: don idon wa aka yi wannan zane, kuma a ina aka tsayar da mai kallo?

Ki lura da yadda aka juya jikin matar. Mai sayen da ke duba bakinta yana gefe, dillali yana baya, amma gabanta gaba ɗaya yana fuskantar wanda ya tsaya a gaban zanen. Hasken ma a kanta ya fi sauka. Ma’ana, wanda ya fi kowa ganin tsiraicinta ba ya cikin kasuwar, yana tsaye a zauren baje koli a Paris, domin a can aka nuna zanen a 1867, a baje kolin shekara-shekara da ake kira Salon. Masaniyar tarihin zane Linda Nochlin, Ba’amurkiya da ta rasu a 2017, ta yi bayani a wata maƙala ta 1983 cewa irin waɗannan zanuka na Gérôme suna ba namiji Bature riba biyu a lokaci guda: ya more kallon mace da aka tuɓe wadda ba ta da ikon cewa a’a, sannan ya koma gida yana ganin kansa mai tsarki, tunda laifin tuɓewar an ɗora shi a kan Balarabe mai rawani. Idan kin fahimci wannan, za ki ga cewa zuciyarki ba ta rabu biyu a banza ba. Ƙazafin da aka yi wa mazan da cin mutuncin da aka yi wa matar aiki ɗaya suke yi, kowanne yana rufa wa ɗaya asiri. Ba don rawunan ba, da mai kallo ya ji kunyar abin da yake kallo, ba don tsiraicin ba kuma, da zanen bai yi kasuwa ba.

Akwai hujjoji na tarihi da za ki kafa wannan magana a kansu, don kada ta zama ra’ayi kawai. A 1865, shekara biyu kafin a nuna wannan zane, Bafaranshe mai zane Édouard Manet ya kai zanensa mai suna Olympia wannan baje koli, mutanen Paris suka yi masa ca, ’yan jarida suka yi ta zagi. Ita ma mace ce ba sutura, amma ’yar Paris ce ta zamaninsu, kuma ta kafe mai kallo da ido ba tare da sunkuyar da kai ba. Matar da Gérôme ya zana ba ta kallon kowa, idonta a lumshe yake, kuma an kai ta wata ƙasa mai nisa, shi ya sa aka karɓe ta lami lafiya. Nochlin ta kuma kawo misalin wani zanen Manet na taron rawa a gidan opera na Paris, inda attajirai masu baƙaƙen huluna suke zawarcin ’yan mata da kuɗinsu, wanda alƙalan baje kolin suka ƙi karɓa a 1874. Cinikin mata a Alkahira, wato irin wanda zanen Gérôme yake nunawa, ya zama abin ratayewa a falo, cinikin mata a Paris kuwa ba a so a gani.

Hujja ta biyu tana cikin aikin Gérôme kansa. A 1861 ya zana wata mace ta tsohuwar Girka mai suna Phryne, ana fizge mata tufa a gaban majalisar alƙalai maza. A wajajen 1884 ya sake zana kasuwar bayi har sau biyu, amma a tsohuwar Roma, mace tsirara a kan dandamali, maza suna ɗaga hannu suna taya ta. Yau Girkawa, gobe Larabawa, jibi Romawa, tufafin mazan suna canjawa, amma mace guda ba sutura a tsakiyar maza masu sutura tana nan daram. Wannan yana nuna miki abin da mai zanen yake nema tun asali, kasuwar Alkahira hanya ce kawai ta kaiwa gare shi.

Sannan ki duba hannunsa. Gérôme ya ƙware wajen goge duk wata alamar burushi har zanen ya yi sumul kamar hoton kyamara, ya kuma cika shi da ƙananan abubuwa na gaskiya, kamar saƙar tufafi da tsagewar bango, don mai kallo ya ɗauka shaida ce ta ido. Gaskiya ne ya je Masar, tafiyarsa ta farko a 1856, ya kuma koma bayan haka, amma irin wannan babban zane a ɗakin aikinsa na Paris ake haɗa shi, da kayan da ya sayo a tafiya da mutanen da ake biya su tsaya a zana su. Surukinsa Adolphe Goupil babban dillalin zane ne, wanda kamfaninsa yake buga kwafin ayyukansa yana sayarwa a Turai da Amurka, saboda haka wannan siffa ta shiga gidaje da yawa waɗanda masu su ba su taɓa taka ƙasar Masar ba.

Abu na ƙarshe da zan ba ki shi ne abin kwatance, kuma ina ganin shi ne zai fi ƙarfafa rubutunki. Wata Bafaranshiya mai zane da ta yi suna da Henriette Browne ta je Istanbul a 1860, kuma da yake mace ce aka bar ta ta shiga sashen mata na gidajen manya. Zanen da ta nuna a Paris a 1861 mata ne cikin dogayen tufafi suna gaisawa da baƙin da suka kawo musu ziyara, da yaro a tare da su. Mu a nan mun san wannan tsari, baƙo namiji iyakarsa zaure, duk abin da ya ba da labari game da cikin gida ƙiyasi ne ko jita-jita. Mazan Turai masu zane a zaure suka tsaya, suka cika sauran da abin da ransu yake so. Kuma kada ki manta cewa babbar makarantar zane ta Paris, inda Gérôme ya koyar shekaru masu yawa, ba ta fara karɓar ɗalibai mata ba sai a 1897. Wannan shi ne irin abin da Nochlin ta yi nuni da shi tun a maƙalarta ta 1971, inda ta ce ƙarancin shahararrun mata masu zane daga rufe musu ƙofar koyo ya samo asali, ba daga rashin baiwa ba.

Malamin Islamiyya, Kumo:

Assalamu alaikum. Na karanta tambayar ’yata da amsar Malama, kuma na ƙaru ƙwarai, musamman da bayanin cewa an tsara zanen ne don idon mai kallo. Sai dai ina da magana biyu da nake ganin wajibi ne a faɗa, kuma ina fata za a karɓe su da kyakkyawar fahimta.

Ta farko, Allah Ya umarci muminai maza da mata su runtse ganinsu, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, kuma maganar malamai a kan zana siffar mai rai sananniya ce. Idan har Malama ta tabbatar mana cewa an yi wannan zane don a ci mutuncin mace da ido, to duk wanda ya buɗe shi a gaban aji, maza da mata a zaune, yana iya zama ya sake aikata abin da yake suka. Ina ba ’yata shawara, idan za ta gabatar da aikinta, ta rufe jikin matar ta bar fuskarta da hannun mai sayen, ta bayyana sauran da baki. Ba na ganin hujjarta za ta ragu da komai, ina ma ganin za ta ƙaru, domin ta yi wa matar suturar da mai zanen ya hana ta.

Ta biyu, ina da shakka a kan ɗauko ma’aunin wasu mu auna kanmu da shi. Waɗanda suka zana wannan abu Turawa ne, waɗanda suka ɗora shi a allon siyasa Turawa ne, yanzu kuma waɗanda za su koya mana yadda za mu yi fushi da shi su ma Turawa ne. Mu ba mu rasa magabata a wannan fage ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da suke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da ’ya’yansu mata cikin jahilci. ’Yarsa Nana Asma’u, wadda ta rasu a 1864, shekara biyu kafin a yi wannan zane, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin ’Yan Taru, inda jajis, wato mata jagorori, suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da ’yan’uwansu mata. A daidai zamanin da Gérôme yake nuna wa Turai cewa mace a ƙasar Musulmi haja ce marar baki, a ƙasar Sakkwato akwai mace da manyan malamai suke girmama iliminta. Ina son ’yata ta sa wannan a rubutunta, don a san zanen ƙarya ce aka shirya mana.

Mai nazarin tarihi, Bauchi:

Allah Ya gafarta Malam, na yarda da shawararka ta rufe jikin matar, kuma misalin Nana Asma’u ya dace. Amma jimlarka ta ƙarshe ce nake so mu tsaya a kanta, domin a nan ne nake jin tsoron kada ƙanwarmu ta faɗa ramin da ita da kanta ta hango. Tsarin zanen ƙirƙira ne, manufarsa ma ba ta da kyau, amma cinikin da yake nunawa ya faru. An sayar da mutane a Alkahira a ƙarni na 19, kuma sai a 1877 Masar ta sa hannu a yarjejeniya da Ingila kan hana fataucin bayi. Ayarin da suke ƙetare Sahara suna bin hanyar Darfur zuwa Asyut, ko ta Borno zuwa Bilma da Murzuk har Tarabulus, ko daga Kano ta Agadas da Ghat, kuma masana tarihi sun yi ittifaƙi cewa mafi yawan waɗanda aka kora ta waɗannan hanyoyi mata ne da ’yan mata, saboda ana neman su don aikin gida da ƙwarƙwaranci. Wasunsu daga wannan yanki namu aka kamo su, daga duwatsun kudancin Bauchi da makwabtansu, kuma jikokin waɗanda aka kai wa hari da na waɗanda suka kai harin duk muna zaune tare a yau, muna cin kasuwa ɗaya.

Ba Bature ne ya fara gaya mana wannan ba. Ɗan Bauchi, marigayi Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa yake cikin garin nan, ya rubuta littafin Shaihu Umar, aka buga shi a 1934, kuma duk wanda ya karanta shi ya san cewa abin da ya fi taɓa zuciya a ciki shi ne uwar Umar, wadda ta bar gida neman ɗanta, ta ƙetare hamada, ta faɗa hannun masu bautarwa, ba ta sake ganinsa ba sai a Tarabulus lokacin da wahala ta riga ta cinye ta. Idan aka ajiye wannan uwa kusa da matar da ke cikin zanen Gérôme, bambancin a bayyane yake. Ita uwar Umar tana da niyya, tana da inda za ta, tana kai ƙara gaban hukuma, mai karatu yana tafiya tare da ita yana jin abin da take ji. Matar zanen kuwa ba ta da jiya ba ta da gobe, bakinta ma da za ta yi magana da shi yatsun wani ne a ciki. Duka biyun maza ne suka ƙirƙire su, saboda haka ba jinsin mai aikin kaɗai ne ke yanke hukunci ba, inda ya tsayar da mai karatu ko mai kallo shi ne abin dubawa.

Akwai kuma batun launin fata, wanda nake ganin mace ’yar Gombe za ta fi saurin ganinsa fiye da masu tarke na Turai. Gérôme ya sa farar mace a tsakiya cikin haske, waɗanda suka fi kama da mu kuwa, baƙaƙen fata, suna can gefe da baya, ba wanda ya damu da fuskarsu. Wannan zaɓi ne ya ba jam’iyyar AfD damar amfani da zanen bayan shekara 153, domin saƙon da suke so shi ne farar mace tana cikin haɗari a hannun Musulmi. Da baƙar mace ce a tsakiya, da zanen bai yi musu amfani ba. Ko a cikin tausayin ma an yi wariya.

Game da amfani da wahalar mata a matsayin hujjar mamaya, tarihinmu ya ishe mu misali. Faransa ta kama Aljiyas a 1830, ita kanta kuma ba ta soke bauta a ƙasashen da take mulka ba sai a 1848, shekara 18 kacal kafin wannan zane. A nan ma, lokacin da sojojin Ingila suka shigo Bauchi da Gombe a 1902, har zuwa yaƙin Bormi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, babbar hujjar da Lugard, shugaban mulkin mallaka na Arewa, yake kai wa Landan ita ce hana farautar bayi. Amma dokarsa ta 1901 ta hana saye da sayarwa ne, ta kuma ’yanta yaran da za a haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, waɗanda suke hannu kuwa aka bar su da murgu (kuɗin da bawa yake biyan ubangidansa don ya yi wa kansa aiki) da fansa, ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Batun ƙwaraƙwarai kuma Turawan mulki sun kau da kai daga gare shi don kada su ɓata da masu sarauta. An shigo da sunan ceton mata, da mulki ya zauna sai matan suka zama na ƙarshe da aka tuna da su. Saboda haka ina roƙon ƙanwarmu kada ta rubuta cewa zanen ƙarya ne ta tsaya nan, domin idan ta yi haka mutuncin maza kaɗai ta kare, matan da aka sayar da gaske sun sake ɓacewa.

Ɗalibar zane, Gombe:

Na gode ƙwarai, Malama, Baba Malam da Yaya, Allah Ya saka da alheri. Zan bi shawarar rufe jikin a wajen gabatarwa. Abin da ya rage mini shi ne tambayata ta biyu, domin Baba Malam ya sake tayar da ita: idan malaminmu ya ce in yi amfani da mahangar mata, ni kuma na kawo Nana Asma’u da tarihin Bauchi, ba za a ce na fita daga fannin ba? Kuma akwai Musulmi masu zane da suka mayar wa irin wannan zane martani da aikinsu, waɗanda zan iya ambata?

Malama mai koyar da tarihin zane, Bauchi:

Ba ki fita ba, ƙanwata. Wannan fanni tambayoyi ne, ba aƙida ba ce da za a ce sai kin karɓe ta dunƙule: wa ya zana, wa ya saya, wa aka bari ya koya, wa yake kallo, wa aka hana magana. Kina iya yin waɗannan tambayoyi kina riƙe da addininki, kamar yadda Malam ya yi da kansa lokacin da ya ce a yi wa matar sutura. Kuma suka irin tasa ta daɗe a cikin fannin. Mata baƙaƙen fata a Amurka sun yi ta ƙorafin cewa masu tarke farare suna kallon farar macen da ke cikin zane su manta da baƙar da ke tsaye kusa da ita. Mai fasaha Lorraine O’Grady ta yi rubutu a farkon shekarun 1990 a kan baƙar hadimar da ke riƙe da furanni a zanen Olympia, wadda sunanta Laure, wadda aka shafe fiye da shekara ɗari ana wuce ta kamar ba mutum ba. A 2019 gidan adana zane na Orsay a Paris ya yi baje koli na musamman a kan baƙaƙen da aka zana a fasahar Faransa, inda aka yi ƙoƙarin dawo musu da sunayensu. Abin da mai nazarin tarihi ya ce game da waɗanda ke zaune a gefen zanen Gérôme yana kan wannan layi.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne, Nana Asma’u hujja ce a kan cewa zanen bai nuna dukkan gaskiyar matan Musulmi ba, amma ba ta goge kasuwar ba, domin a zamaninta akwai malama kuma akwai baiwa, a gari ɗaya. Ki rubuta su duka biyu, hakan ba zai rage wa magabata daraja ba.

Game da masu martani, ki nemi aikin Lalla Essaydi, ’yar Maroko da aka haifa a 1956. Tana ɗaukar hotunan mata a irin zama da kwanciyar da masu zanen Turai suka saba zanawa, amma da suturarsu, kuma ta cika tufafinsu da fatarsu da bangon ɗakin da rubutun Larabci wanda ta yi da lalle, wato ta haɗa ƙawar rubutu da aka fi sanin maza da ita da kayan adon mata, ta yadda idon mai kallo zai ci karo da rubutu kafin ya kai ga jiki. Akwai kuma Osman Hamdi Bey na Daular Usmaniyya, wanda ya koyi zane a Paris a shekarun 1860 a irin wannan salo na Gérôme, amma da ya koma Istanbul ya zana mata cikin cikakkiyar sutura, har da wadda take zaune tana karatu. Su ma ba su tsira daga suka ba, wasu suna ganin har yanzu ƙawar Gabas ce ake sayar wa masu kuɗin Yamma, kuma yana da kyau ki ambaci hakan.

Wajen tsara rubutun, ki fara da bayanin abin da ido yake gani ba tare da hukunci ba: tsayuwar kowa, inda haske ya sauka, wanda yake da sutura da wanda ba shi da ita, inda idon kowa yake kallo. Daga nan ki shiga Paris ta 1867 da masu sayen zanen, ki kawo Olympia da zanen Henriette Browne don kwatance, sannan ki juyo gida da tarihin hanyoyin Sahara da dokokin 1901 da 1936. Allon AfD ki bar shi zuwa ƙarshe, domin a lokacin mai karatu ya riga ya gane dalilin da ya sa zanen ya yi musu daidai. Ki kuma rarrabe a fili tsakanin abin da Nochlin ta faɗa da abin da ke naki, musamman batun waɗanda ke zaune a gefe, don malaminki ya ga inda kika ƙara.